Yadda ake tafiya hutu da maigida mai ciwon mantuwa, abin da na koya a hanyar Garwa zuwa Ngaundere

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da muka dawo daga Ngaundere ni da Malam mata ke ta tambayata, wasu a gidan suna wasu ta WhatsApp, wai ya akayi na ɗauki mutumin da wani lokacin sunan 'ya'yansa ma sai an tuna masa, na kai shi har wani gari mukayi kwana shida muka dawo lafiya. Wata ma cewa tayi ganganci nayi. Toh ba ganganci bane, shiri ne, kuma shirin ne zan zayyana muku daki daki dan nasan akwai irina da yawa a Garwa da Marwa da Kuseri har Njamena da suka kulle kansu a gida shekara da shekaru, ba zumunci ba shan iska, saboda tsoron abinda ka iya faruwa a hanya. Da mata nake magana dan ni mace ce, amma namijin da matarsa ke da wannan lalurar shima ya ɗauka, duk ɗaya ne.

Shekara huɗu kenan da likita ya faɗa mana sunan abinda ke damun Malam. Mu a gida gigin tsufa muke cewa, wasu suce sammu wasu suce iska, likitoci kuma da Faransanci demans suke kiransa. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ƙwayoyinta ke lalacewa a hankali, kuma ba kowane tsoho ke yinsa ba. Wanda yafi yawa shine Alzaima, sunan likitan Jamus ɗin da ya fara bayaninsa a 1906 aka sa masa, Hukumar Lafiya ta Duniya tace shi ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon, su kuma masu ciwon a duniya sun haura miliyan 55. Akwai kuma wanda tansiyo, wato hawan jini, da suga da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa in jini baya isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata.

Abu ɗaya nakeso ki riƙe kafin komai. Mai wannan ciwon, gidansa ne ke tuna masa abubuwa. Ƙafarsa ce ta haddace hanyar bayi da ta masallaci, hannunsa ne yasan inda buta take, ba sai yayi tunani ba. Ranar da kika fitar dashi daga gidan kin raba shi da duk wannan lokaci guda, shiyasa zaki ga mutumin da a gida yake lafiya lau ya je baƙon wuri ya birkice. Dan haka aikinki duka shine ki ɗauki gidan ki tafi dashi gwargwadon iko, lokutansa, kayansa, abincinsa, fuskokin da ya sani.

Mataki na farko, ki gwada kafin ki yanke

Karki fara da doguwar tafiya. Mu da Pitowa muka fara, ranar da ba kasuwa ba, muka wuni gidan ƙanwarsa muka dawo kafin la'asar. Bayan sati biyu muka kwana ɗaya a gidan 'yarmu a cikin Garwa ɗin nan, wata unguwa dai daban. Kwanan shine gwajin gaskiya, dan wuni kowa na iyawa. Ki lura, yayi barci? Ya yarda ya ci abinci? Ya gane bayi da aka nuna masa ko sai yawo yake yana neman ƙofa? Da kuka dawo kwana nawa ya ɗauka kafin ya koma daidai?

In kinga ya kwana a tsaye yana cewa a maida shi gida, ko ya fara zargin mutanen gidan da sata, ko duka yake kaiwa in ya tsorata, ko yana ganin abubuwan da babu su, ko kuma ya kai matsayin da tafiya da haɗiyar abinci suke masa wuya, toh 'yar uwa ki haƙura, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ki bar shi a gida da wanda ya saba dashi ke kije ki huta kwana biyu, ba laifi bane ba kuma cin amana bane. Ko kuma su dangin su zo su same shi.

Na biyu, likita

Sati biyu ko uku kafin tafiya ki karɓi randebu, wato ranar ganin likita, ki tafi da karne ɗinsa na lopital, wato littafinsa na asibiti. A auna tansiyo da suga, a duba palu, wato zazzaɓin cizon sauro, in da hali a duba fitsari. Ki faɗa wa likita ƙarara inda zaku da kwana nawa. Ki roƙi ya rubuta miki ordonans sabuwa, wato takardar sayen magani, da takarda gajera mai bayanin ciwon da sunayen magunguna, da hatiminsa a jiki, wannan takardar zata miki amfani a kontirol, wato shingen jami'an tsaro a hanya, da kuma in Allah ya kawo tsautsayi kuka je wani asibiti da basu san shi ba. Ki sayi magani na kwanakin tafiya ki ƙara na sati guda a kai, dan irin su donepezil da memantine ba kowace farmasi ke ajiye su ba, kina iya zaga gari baki samu ba. Kuma kar a canza masa magani ana gobe tafiya, in za'a canza a bari ku dawo.

Nan zan tsaya in ja kunne sosai. Za'a samu mai ce miki ki bashi maganin barci ya kwanta har ku isa. Dan Allah karki yi. Diazepam da Phenergan da ire-irensu da ake saya a tebur suna ƙara wa tsofaffi ruɗewa, ya farka bai san inda yake ba, jiri na ɗibarsa, ya faɗi ya karye a ƙugu, kuma karayar ƙugu ga tsoho ba ƙaramin abu bane. Duk abinda likitansa bai rubuta ba kar ya shiga bakinsa, har da jiƙe-jiƙen da ake cewa na kwantar da hankali.

Na uku, ina zaku kuma yaushe

Wannan ciwon sabon abu yake fara cinyewa, tsohon abu ya daɗe. Malam baya tuna abinda ya ci da safe amma zai baki labarin shekarun da yayi yana awon kaya a gar ɗin jirgin ƙasa na Ngaundere tun yana saurayi, har sunayen abokan aikinsa. Shiyasa na zaɓi can, ga ƙaninsa a Sabongari, ga kuma sanyi, dan garin a kan tudu yake sama da mita dubu, ba kamar Garwa da a watan Maris da Afrilu zafi ke wuce digiri 40 ba. Ki zaɓi inda zuciyarsa ta sani. Garin da bai taɓa zuwa ba komai kyansa wahala ce a gare shi.

Wuri ɗaya kuma, masauki ɗaya. Ba yau gidan wane gobe gidan wance ba. Kwana huɗu zuwa sati ya isa, dan kwana biyun farko na sabo ne, in kin yi gajeriya da yawa wahalar hanya kawai kuka sha.

Ki guji lokacin Sallah da lokacin biki da farkon bakans, wato hutun makaranta, da ƙarshensa da ɗalibai ke cika ajans, wato tashoshin kamfanonin mota. Nasan da yawanmu biki ko suna ne ke fitar damu, amma gidan biki ga mai ciwon mantuwa azaba ce, kiɗa, guɗa, yara, fuska ɗari kowa na cewa Baba ka gane ni. In dole ne sai an je, a sauke shi a wani gida daban a kawo shi ɗaurin aure kawai a maida shi. Azumi ma ba lokacin wannan tafiyar bane.

Na huɗu, abin hawa da abokin tafiya

Garwa zuwa Ngaundere kilomita 270 da wani abu ne, ta Ngong da Guna da Mbe sannan a hau falez, wato hawan dutsen nan, a motar ajans ki ƙiyasta awa biyar ko fiye gwargwadon yadda hanya take. In da hali ki ɗauki shatar mota ko ta wani ɗan uwa, dan ke ke da ikon cewa a tsaya. In ba hali, kar ɗin ajans, wato babbar motarsu, ma yana yi, amma ki je ana jibi ki sayi biye, wato tikiti, ki nemi na VIP mai lokacin tashi tsayayye ba wanda sai ya cika ba, dan zaman jira a tasha cikin hayaniya shine ke fara rikita shi tun ba'a tashi ba. Ki nemi kujerun gaba kusa da ƙofa, shi a jikin taga ke a gefensa, yadda bazai miƙe ya fita ba tare da kin sani ba. Tashin asuba ko na sassafe, yadda zaku isa da rana tsaka. Tafiyar dare ki manta da ita.

Masu wucewa kudu, jirgin ƙasa na Camrail daga Ngaundere da dare yake tashi ya kwana yana tafiya ya shiga Yawunde da safe, yana tsayawa irin su Ngaundal da Belabo. In dashi zaku, ki biya kushet, wato ɗakin kwana, mai gado biyu ko ku cika mai gado huɗu da naku mutanen, shi a gadon ƙasa, kuma wani ya kwana ido biyu dan a tashoshin nan yana iya sauka yace ya iso. Kuma kar ki haɗa mota da jirgi rana ɗaya, ku kwana a Ngaundere ya huta. Jirgin sama daga Garwa yafi gajarta in aljihu zai ɗauka, sai dai ki faɗa musu tun wajen sayen biye cewa mara lafiya ne yana buƙatar taimako, kuma wajen bincike ki bari shi ya fara wucewa ɗanku na can gaba yana jiransa.

Na ambaci ɗa, toh wannan ba zaɓi bane. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. Ke mace ce, bazaki bi shi bayin maza ba, bazaki shiga sahun maza a masallaci ba, kuma nan ne ake ɓata. Dole namiji ɗaya baligi da ya sani kuma yake jin maganarsa, ɗa ko ƙani ko jika babba. Ni autanmu na ɗauka. Ku raba aiki tun a gida, ɗaya kaya da biye da takardu, ɗaya Malam kawai, kuma duk wanda zai matsa ya faɗa da baki, "gashi nan a hannunka", ɗayan ya amsa. Wlh yawancin ɓata a haka yake faruwa, kowa na zaton yana wajen ɗan uwansa. In kuna da abokiyar zama ku zauna ku duba tsakani da Allah wacece yafi natsuwa a hannunta yanzu, ita ta tafi, wannan ba maganar rabon kwana bace.

Na biyar, takarda a aljihu

Ki samu kwali ɗan ƙarami a rubuta da Faransanci, dan shi jandarma da ma'aikatan lopital ke karantawa: sunansa, cewa yana da ciwon mantuwa, lambar waya biyu, ɗaya Orange ɗaya MTN saboda matsalar rezo, da unguwa da sunan mai masaukinku. A yi masa leda. Kiyi guda uku ko huɗu, dan zai ciro ya yar ko ya ɓoye. Ni har a cikin wuyan rigunansa na sa tela ya ɗinka ƙyalle mai lambar wayata, da cikin hula. Kart dantite ɗinsa ta asali a jakarki, fotokopi a aljihunsa.

Kullum da safe bayan ya shirya ki ɗauke shi hoto a waya tun daga hula har takalmi. In ya ɓata, tashin hankali bazai barki ki tuna kalar rigar da ya sa ba. Kuma ki sa masa kaya masu kalar da ake hangowa, ba farar jallabiya irin ta kowa ba.

Wani abu kuma, da yawa in ciwon yayi nisa harshen da suka koya daga baya yake fara zubewa. Malam da yana Faransanci kamar ruwa, yanzu Hausa ce da Fillancin ƙuruciya. In jandarma ya masa tambaya da Faransanci shiru zaiyi ko ya fusata, dan haka a kontirol ɗanku ya riga shi miƙa kart da takardar likita yace Baba bashi da lafiya, a hankali ba tare da an kunyata shi ba.

Na shida, haɗa kaya

Ba'a fafe gora ranar tafiya. Ki fara haɗawa da kwanaki, amma a ɗakin da baya gani, dan ganin jakunkuna na tada masa hankali, ko ki haɗa ya bi dare ya kwance.

Kar ki saya masa sababbin kaya dan za'a je baƙunta, bazai gane nasa bane, yana iya ƙin sawa yace na mutane ne. Tsofaffin da ya sani. Butarsa, dardumarsa, carbinsa, kofin shayinsa, matashinsa da zanen gadon da yake kwana a kai, ko wankewa karki yi ana gobe, ƙamshin gida ne a jiki. Rediyonsa in yana ji, da karatun Alƙur'ani na mai karatun da ya saba a waya ko a kart memwar. Tabarau, haƙoran roba in yana dasu, fitila mai caji ko ta sola saboda ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, gidan sauro, rigar sanyi da safa dan Ngaundere da asuba akwai sanyi kuma shi bazai ce miki yana ji ba.

Jakar hannu daban wadda bata shiga but ko saman mota: magani duka, karne da ordonans, ruwa, dabino, ƙosai ko biredi ko abinda yake so, kaya canji ɗaya cikakke, leda, sabulu, tsumma, da kush na manya, wato ƙunzugu, in yana tsiyayar fitsari. Ko baya yi a gida ki ɗauka, hanya daban ce. In zai ji kunya kar ki kira shi da sunansa, kice gajeren wando ne na tafiya.

Ki sa masa 'yan canji a aljihu. Mutum ne da ya saba shi ke ciro kuɗi ya biya, a Mbe da muka tsaya shi ya sayi doya da hannunsa yayi ciniki har ya samu ragi, ranar naga fuskar da na daɗe ban gani ba. Kuɗin gaske kuma a wajenki ko a waya.

Na bakwai, yaushe zaki faɗa masa

Wannan ke kika san mutuminki. Ni na taɓa faɗa masa da sati guda, toh satin nan bamu yi barci ba, ƙarfe biyun dare zai sa hula ya tsaya bakin ƙofa wai mota zata tafi ta bar mu. Daga nan na koma faɗa masa da safen ranar, bayan ya karya, da gajeriyar magana: Malam yau zamu je gaida ƙaninka. Shikenan. Zai tambaya sau ashirin a hanya ina zamu, ki bashi amsa iri ɗaya da murya iri ɗaya kamar yanzu ya fara tambaya, kar kice ai na faɗa maka, dan shi a wajensa baki faɗa ba.

Na takwas, ranar tafiya

Ya tashi lokacin da ya saba, yayi sallah, ya karya, ya sha magani, ya zaga bayi kafin ku fita. Kar a gaggauta shi, gara ku tashi da wuri. A hanya ki dinga miƙa masa ruwa kusan duk awa ko bai nema ba, tsofaffi basa jin ƙishi sosai, masu wannan ciwon kuma ko sun ji basa faɗa. Nasan dabarar da mukeyi ta hana ruwa dan kar a ji fitsari, toh a nan kuskure ne babba, ƙarancin ruwa a jiki kaɗai ya isa ya birkita shi. Duk inda aka tsaya ɗanku ya kai shi ya zaga ko yace baya ji, ya tsaya kusa, ya dawo dashi har kujera. In kinga yana mutsu-mutsu yana jan riga ko yana neman miƙewa, yawanci fitsari ne ko zafi ko yunwa, ki fara duba waɗannan kafin kice rikici ne.

In ana kiɗa ko fim da ƙarfi a cikin motar ki roƙi direba cikin ladabi ya rage, ki faɗa wa na kusa daku a hankali cewa bashi da lafiya. Mutanenmu akwai tausayi in sun sani, rashin sani ne ke sa a yi masa tsawa.

Maganar sallar ƙasaru, Malam rikicewa yake in aka ce raka'a biyu, sai ya ga kamar an rage masa sallah. Sai muka bar shi yana bin ɗansa kawai, in yace huɗu zaiyi ba mai musu dashi. Malamin da na tambaya ya tuna min hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami a kan mutum uku, ciki har da wanda hankalinsa ya gushe, yace kar mu takura masa.

Na tara, masauki, nan ne aikin yake

Tun kafin ku taso ki kira masu masauki kiyi musu bayani ba ɓoye-ɓoye. Ɗaki ɗaya ke dashi, a ƙasa ba bene ba, kusa da bayi. Kar a tara jama'a tarbarku. Kuma ki roƙe su abu ɗaya da babbar murya: kar kowa yace masa "ka gane ni?" Wannan tambayar jarabawa ce da yasan zai faɗi, kunya take sa shi daga nan sai fushi. Mai gaisuwa ya faɗi kansa, "Yaya ni ne wane ƙaninka, sannu da hanya", "Kawu ni ce wance 'yar wane". Mutum biyu biyu, ba ɗaki cike ba.

Da isarku kafin komai ki shimfiɗa zanensa, ki sa matashinsa, buta da darduma a gefen da suke zama a gida, in a dama yake kwana a gida nan ma a dama. Ki kama hannunsa ki kai shi bayi ku dawo, sau biyu sau uku. Da dare fitila a kunne a hanyar bayi, ko ki ajiye fo a ɗaki ya fi sauƙi. In akwai babban madubi ki rufe da zane, wasu basa gane kansu sai su ga kamar baƙo ne ya shigo. In akwai rijiya a tsakar gida a rufe ta. Ƙofar waje a kulle a cire makulli, ƙofar ɗaki kuma ki rataya mata wani abu mai ƙara, ni murfin tukunya biyu na ɗaura da igiya, ɗanmu kuma ya shimfiɗa katifa a bakin ƙofar. In otal ne ko oberj ki sanar da mai gadi da na resepsiyo, ki nuna musu shi, kice in sun ganshi shi kaɗai su tsare shi da hira su kira ki.

Daren farko ki sa a ranki bazaki yi barcin kirki ba. Namu ƙarfe uku ya tashi yana laluben bango yana neman ƙofar ɗakinmu na Garwa. Ban ce masa ba gida muke ba, na kunna fitila na kira shi yadda na saba, na bashi ruwa a kofinsa, na kunna karatu ƙasa ƙasa, ya zauna ya koma ya kwanta.

Na goma, yadda zaku ci kwanakin

Abu ɗaya a rana, da safe, dan da safe kansa yafi washewa. Rana ɗaya muka je bakin gar ya zauna yana kallon wagon yana bamu labari, rana ɗaya tafkin Tizon muka zauna daga nesa da ruwa muka sha shayi, rana ɗaya muka wuce ta ƙofar fadar Lamiɗo a mota. Naso muje gangaren ruwan Tello amma da na ji nisan da yanayin hanyar na fasa. Gran marshe kuma ni kaɗai na je na bar shi da ɗansa. Sauran ranakun zama ne kawai a tsakar gida da ƙaninsa suna tuna mutanen da.

Lokacin abinci da magani da barcin rana kar su motsa daga yadda suke a gida, ki sa alam a waya. Abincin ma wanda ya sani, in kunun gyaɗa yake sha da safe a dama masa shi. Ki lura da bayan gida, canjin wuri na kawo taurin ciki shi kuma yana ƙara rikici, ki bashi gwanda ko mangoro da ruwa da yawa.

Daga la'asar zuwa magariba ku kasance a masauki. Wannan lokacin da yawansu ke rikicewa, likitoci sun san da haka, rana na faɗuwa hankali na tashi. Nan ne zaki ji "tashi mu tafi gida". Kar kiyi musu, kar kice ai kwana uku ya rage. Kice toh Malam, bari mu sha shayi tukun, ko bari a yi magariba, ki kunna fitilu tun duhu bai shiga ba, ki bashi carbi ko wani abin yi a hannu, ki tambaye shi labarin gidan. Sau da yawa gidan da yake nufi ma ba na Garwa bane, na mahaifiyarsa ne da ta rasu shekaru aru-aru, kuma ba sai kin tuna masa ta rasu ba, sabon makoki zaki sa shi. In ya matsa, ɗanku ya zaga dashi bayan gida su dawo.

In ya ɓata

Allah ya kiyaye, amma ki san abin yi. Kar ki tsaya jira ko zai dawo. Ki fara duba cikin gida, bayi da bayan ɗakuna, sannan mutum ɗaya ya zauna a gida da waya sauran su bazu, a fara da wuraren haɗari, bakin kwalta, layin dogo, rafi, sannan masallatai da tasha da duk inda ya taɓa aiki ko zama. Ki tura hoton safiyar ga 'yan moto na bakin layi dan su ke ganin kowa, a sanar da jauro ko mai unguwa, a roƙi liman ayi cigiya a lasifika, a kira polis a 117 ko jandarma a 113. Gaggawar tana da dalili, tsoho baƙo da ya faɗa gidan mutane yana surutai ana iya ɗaukarsa ɓarawo ko maye kafin a gane mara lafiya ne. In an same shi kar a masa faɗa, a bashi ruwa a duba ƙafafunsa da jikinsa.

In ya canza lokaci guda

Ki bambance rikicin baƙunta da na ciwo. In cikin awoyi ko kwana ɗaya ya koma wani mutum, barci ba ƙaƙƙautawa ko fizge-fizge, baya gane ki sam, zazzaɓi, fitsari na wari ko ya ragu, ya daina ci, toh wannan ba ciwon mantuwar bane ya ƙaru, yawanci palu ne ko ciwon mafitsara ko na ƙirji ko ƙarancin ruwa ko suga ya sauka, kuma ana maganinsu. Lopital a ranar. In kuma baki ya karkace ko hannu ya saki ko magana ta sarƙe, a take ba jira. Shiyasa tun ranar isowa ki tambayi asibiti mafi kusa da lambar mai motar da zai ɗauka ko tsakar dare. Kuma ki riƙe kuɗin komawa a gefe, in kwana uku sun wuce bai sabu ba ku juya gida, ba asara bace.

Ke kuma ki huta dan Allah, hutun naki ne kema. Ki bar shi da ɗansa da ƙaninsa awa biyu ki fita ki gaida ƙawa, kiyi lalle, ko ki rufe ɗaki kiyi barci. Ni a kwana shidan nan ne na fara barcin rana cikin shekara biyu.

Komawa gida irin shirin zuwa ne, sassafe, mutum biyu, ruwa, jakar hannu. Ki sa a share ɗakinsa a bar komai inda yake kafin ku iso, kuma kwana biyu uku kar a cika shi da 'yan sannu da zuwa, zai ɗan rikice ko a gidansa kafin ya daidaita, namu kwana huɗu ya ɗauka. Ranar na biyar na nuna masa hoton da muka ɗauka a bakin gar, bai tuna mun je ba, amma ya daɗe yana kallo yana murmushi yace wannan wurin ya san shi, a nan yayi aiki. Na sa an wanko hoton babba an manna a bangon da yake fuskanta in ya zauna shan shayi, bayan damina kuma in Allah ya kaimu da lafiyarsa zamu gwada Marwa wajen babbar 'yarsa, na riga na fara tambayar wane ɗaki zata bamu.